Tambayoyi da Amsoshi Kan Ƙagaggen Tarihin Kai da Yadda Mata Ke Nuna Kansu a Rubutu, Zane da Hoto

Waɗannan tambayoyi ne da suke yawan fitowa daga bakin ɗaliban adabi, marubuta masu tasowa, masu zane da masu ɗaukar hoto, game da aikin da mai shi take sa kanta a ciki. Mun fi fuskantar mata da maganar, don su wannan muhawara ta fi shafa, amma mafi yawan abin da ke nan zai yi wa kowa amfani.

Mene ne ƙagaggen tarihin kai?

Labari ne da marubuciya take ba tauraruwarsa sunanta, ko wasu alamomi da kowa zai gane ita ce, ta ɗauko abubuwan da suka same ta da gaske, sannan ta ba kanta damar da mai ƙaga labari yake da ita. Tana iya sauya jerin yadda abubuwa suka faru, ta haɗe mutum biyu su zama ɗaya, ta ƙirƙiro hirar da ba a yi ba. A duniyar adabi ana kiransa otofikshan. Serge Doubrovsky, marubuci Bafaranshe kuma malamin jami'a, shi ya ƙirƙiro kalmar a 1977, ya sa ta a bangon bayan littafinsa *Fils*.

Akwai dalilin da ya sa ya yi haka. A 1975 wani manazarci, Philippe Lejeune, ya ce tarihin rayuwa alkawari ne tsakanin marubuci da mai karatu: in sunan da ke bangon littafi shi ne sunan mai ba da labari, kuma shi ne sunan tauraro, to marubuci ya ɗauki alkawarin faɗin gaskiya. Ya zana jadawali na ire-iren rubutu, sai ya bar wani gurbi babu komai, wato littafin da aka ce ƙagagge ne amma tauraronsa na ɗauke da sunan marubucin. Wannan gurbin Doubrovsky ya shiga ya zauna.

To mene ne bambancinsa da tarihin rayuwa, ko da labarin da aka ɗauko daga rayuwar marubuci?

Bambancin yana ga alkawarin. Mai tarihin rayuwa tana cewa, wannan ni ce, kuma haka aka yi. Mai ƙagaggen labarin da ya yi kama da rayuwarta tana cewa, wannan ba ni ba ce, ko da kun ga kama. Mai ƙagaggen tarihin kai kuwa tana cewa, ni ce, amma na sa hannu a labarin, kuma ba zan ware muku kowane layi in ce wannan gaske ne wannan ƙage ne ba.

Iyakokin ba su da katanga. Annie Ernaux, wadda ta samu kyautar Nobel ta adabi a 2022, ana yawan sa ta a wannan layi, alhali ita ta ƙi sunan, don ta ce ba ta ƙaga komai. Audre Lorde kuma, marubuciya Ba'amurkiya baƙar fata, ta raɗa wa littafinta *Zami* na 1982 nata sunan dabam, wanda ya haɗa tarihin rayuwa da tatsuniya.

Wannan ba ƙarya ba ce da aka yi wa ado?

Ƙarya ita ce ki sa mai karatu ya yarda da abin da kika san ba haka yake ba, ba tare da saninsa ba. In kin sanar da shi tun daga bango cewa akwai ƙage a ciki, ba ki yaudare shi ba. Inda matsala take shi ne a sayar da littafi a matsayin shaida tsantsa, a karɓi tausayin mutane a kan haka, daga baya a gano an ƙirƙiri ginshiƙin labarin.

Ƙa'idar da muke ba da shawara a kai ita ce a raba ginshiƙi da ado. Ginshiƙi shi ne abin da in aka cire shi littafin ya rushe: mutuwar da aka yi, cutarwar da aka yi, hukuncin da wata hukuma ta yanke. Wannan kada ki ƙaga shi, musamman in yana ɗora laifi a kan mutumin da za a iya ganewa. Ado kuwa, irin su ranar da aka yi wata hira, launin labule, ko waye ya fara magana, wannan naki ne ki juya yadda labarin yake bukata. Ban da haka ma, tunawa kanta ba faifai ba ce da ake kunnawa. Duk lokacin da mutum ya tuno abu yana sake gina shi ne, shi ya sa 'yan'uwa biyu za su ba da labarin rana ɗaya ta hanya biyu, kowa kuma da gaske yake.

Me ya haɗa wannan salo da rajin kare haƙƙin mata?

Tambayar waye ke riƙe da alƙalami, waye ke riƙe da kyamara. Shekaru aru-aru mace ta fi fitowa a littafi da zane a matsayin abin kallo, wani ne yake siffanta ta, wani ne yake sa mata magana a baki. Ko wadda ta rubuta da kanta ba lallai sunanta ya fito ba. Littattafan farko na Colette, waɗanda suka fara fitowa a 1900 kuma aka gina su a kan ƙuruciyarta, da sunan mijinta aka buga su.

A shekarun 1970 masu ra'in matantaka, wato masu rajin kare haƙƙin mata, suka zauna suka feɗe wannan al'amari. A 1971 Linda Nochlin ta tambayi dalilin da ya sa ba a lissafa mata cikin manyan masu zane, ta kuma nuna cewa amsar tana ga makarantu da dokokin da suka hana su koyo, ba ga baiwarsu ba. A 1972 John Berger ya bayyana yadda ake rainon mace ta riƙa kallon kanta da idon mai kallonta. A 1975 Laura Mulvey ta nuna yadda kyamarar fim take tsayawa a matsayin idon namiji, a shekarar kuma Hélène Cixous ta yi kira ga mata su rubuta kansu da kansu. A 1989 ƙungiyar Guerrilla Girls ta ƙirga ayyukan sashen fasahar zamani na gidan adana kayan tarihi na Metropolitan da ke New York, ta sanar cewa mata ba su kai kashi 5 cikin 100 na masu zanen ba, amma kashi 85 cikin 100 na zanen tsiraici na mata ne.

Akwai kuma hujja ta biyu, wadda a ganinmu ta fi ta farko nauyi. Abubuwan da ake cewa na cikin gida ne, ba su kai a rubuta ba, irin su naƙuda, goyo, jinyar tsofaffi, rabuwar aure, kuɗin da mace ba ta da iko da shi, duk suna da alaƙa da doka da tattalin arziki. Wata maƙala ta Carol Hanisch da aka buga a 1970 ta yi fice da wannan ra'ayi, cewa matsalar mutum ɗaya a ɗakinta tana iya zama matsalar siyasa. Mai ɗaki ita ta san inda yake mata yoyo, kuma in mata dubu suka nuna wuri ɗaya, to laifin na rufin ne.

Amfanin ƙage a nan shi ne yana ba mace iko a kan labarinta. Shaida tsantsa tana mayar da ita kamar wadda ke gaban alƙali, ana tambayarta hujja a kan kowace kalma. In ta ce ƙagaggen tarihin kai ne, ita ke zaɓen abin da za ta buɗe da abin da za ta rufe.

Tun yaushe mata suke zana kansu?

Tun da daɗewa, kuma larura ce ta fara kai su. A Turai an daɗe ana hana mata shiga ajin da ake koyon zana jikin mutum, wanda shi ne tsanin hawa manyan ayyuka. Akwai zanen da Johan Zoffany ya yi na mambobin makarantar fasaha ta masarautar Ingila wajen 1772. Maza sun cika ɗakin suna nazarin mai tsayawa a zana shi, mata biyun da ke cikin waɗanda suka kafa makarantar kuwa, Angelica Kauffman da Mary Moser, sai hotunansu aka rataye a bango. Wadda aka hana ta abin zanawa, fuskarta da madubi suka rage mata.

Catharina van Hemessen ta zana kanta a 1548 tana zaune gaban allon zane da buroshi a hannu. Sofonisba Anguissola, 'yar Italiya a ƙarni na 16, ta zana kanta sau da dama. Amma a duba na Artemisia Gentileschi na wajen 1638. Littattafan alamomi na zamanin sun ce in za a siffanta fasahar zane a matsayin mutum, a yi ta mace mai hargitsattsen gashi, da sarƙar zinariya mai ɗauke da abin rufe fuska a wuya, da ƙyalle ɗaure a baki don zane ba ya magana. Gentileschi ta sa kanta a wannan matsayi, abin da babu namijin da zai iya. Ta bar gashin a hargitse, ta bar sarƙar, ta naɗe hannun riga, ta karkata jiki tana aiki ba ta ko kallon mai kallo. Ƙyallen bakin kuwa ta cire shi.

Frida Kahlo ta Meziko ta fara zane sosai ne bayan haɗarin motar da ta yi a 1925, tana kwance, an maƙala mata madubi a saman gado. Kusan kashi ɗaya cikin uku na zanenta na kanta ne, kuma ta zana ɓarin ciki da ciwon kashin baya a lokacin da ba a saba ganin su a allo ba.

Wannan ba al'adar Turawa ba ce kawai?

Sunan ne na Faransa, aikin ya girme shi kuma ya fi shi faɗi. A Japan wata mata ta fada da aka fi sani da Uwar Michitsuna ta rubuta *Kagerō Nikki* a ƙarni na 10, tana ba da labarin zaman aurenta da jiran mijin da ba ya zuwa. Buchi Emecheta 'yar Najeriya, wadda ta je Landan a 1962 ta kuma reni 'ya'ya biyar ita kaɗai, ta ba tauraruwarta suna Adah a littattafanta na 1972 da 1974, har da wurin da mijin ya ƙona rubutunta na farko, abin da ya faru da ita da gaske. Marubuciyar Senegal da ta fitar da *Le Baobab fou* a farkon shekarun 1980 ta yi amfani da sunan aro, Ken Bugul, wanda a Wolof yake nufin babu mai so. Assia Djebar ta Aljeriya, a littafinta na 1985, ta saƙa ƙuruciyarta da rahotannin sojojin Faransa na mamayar 1830 da kuma muryoyin matan da suka ga yaƙin neman 'yanci.

Waɗannan marubuta sun kawo gyara ga matantakar kanta. Lorde da ire-irenta sun nuna cewa in Baturiya mai hali ta ce "mu mata", sau da yawa kanta da maƙwabtanta take nufi. Launin fata, talauci, addini da mulkin mallaka duk suna sauya abin da kalmar "ni" take ɗauke da shi, da kuma abin da mace za ta rasa in ta furta ta.

Dole ne sai na tona asirina, ko na nuna jikina?

Ko kaɗan. Wasu daga cikin ayyuka mafi ƙarfi a wannan fage ɓoyewa suka yi. Mary Kelly ta shafe 1973 zuwa 1979 tana tattara shaidar renon ɗanta, da ƙyallayen tsuguno, da jadawalin abin da ya ci, da kalmominsa na farko, ba ta nuna jikin uwar ba, da gangan, don kada a mayar da ita abin kallo. Chantal Akerman ta ɗauki fim ɗin titunan New York a 1976 tana karanta wasiƙun mahaifiyarta a kai, fuskarta ba ta fito ba, wani lokaci ma ƙarar jirgin ƙasa tana danne muryar. Ana Mendieta ta riƙa barin siffar jikinta kawai a kan ƙasa, yashi da ciyawa. Rachel Cusk ta rubuta littattafai uku daga 2014 zuwa 2018 inda mai ba da labarin kusan sauraro kawai take yi, ana gane ta ne ta abin da take ji da abin da take ƙyalewa.

Kafin ki fara, rubuta wa kanki jerin abubuwan da ba za su shiga ba ko da edita ya roƙa. Ajiye takardar. Za ki bukace ta ranar da aka ce miki littafin zai fi sayuwa in kin ƙara buɗewa.

Ta ina zan fara rubutawa?

Kada ki fara daga ranar haihuwa. Zaɓi yanki ƙarami mai iyaka: wata shida, ɗaki ɗaya, dangantaka ɗaya. Sannan ki nemo tambayar da har yanzu ba ki da amsarta, irin su me ya sa na zauna, ko me ya sa ban yi magana ba. In kin riga kin san amsar, abin da zai fito huɗuba ne.

Daga nan ki ja layi ki raba takarda gida uku. A na farko ki sa abin da kika tuna. A na biyu abin da wata shaida ta tabbatar: wasiƙa, saƙon waya, hoto, katin asibiti, littafin ajiyar sirri. A na uku abin da kika ƙaga ko kika sauya. Duk fitowar da kika rubuta, wato yankin labari mai faruwa a wuri ɗaya da lokaci ɗaya, ki shigar da ita a gidan da ya dace. Wannan takarda tana da amfani biyu. Bayan shekara ɗaya kina aiki, za ki fara tuna abin da kika ƙaga kamar ya faru, ita ce za ta tsare ki. Kuma in kamfanin ɗab'i ya ba lauya rubutun ya duba, ita zai fara nema. A lura da wuraren da gida na farko ya saɓa wa na biyu, inda kika tuna abu iri ɗaya takarda ta ce wani iri. Sau da yawa a nan gizo ke saƙa, kuma saɓanin kansa ya cancanci shiga littafin.

Rubuta fitowa goma zuwa goma sha biyar, kowace shafi biyu ko uku, ba tare da damuwa da jeri ba. Kowace ta kasance da wuri, da lokaci, da wani abu da hannu zai iya taɓawa. Maimakon ki ce kin ji kaɗaici a asibiti, nuna kujerar roba da ke gefen gado wadda ba wanda ya zauna a kai har aka sallame ki, da yadda ma'aikaciyar jinya ta ɗora fayil a kanta a rana ta uku. Bayan kin tara su, shimfiɗa su ki nemi jerin da ya fi riƙe tambayar, ko da ya saɓa wa kalanda. Ajiye daftarin aƙalla wata ɗaya kafin gyara, kuma mai karatun farko ya zama wanda bai san rayuwarki ba, don wanda ya sani zai cike giɓin da kansa ba tare da ya lura akwai giɓi ba.

Da wane wakilin suna zan rubuta: ni, ita, ko mu?

Gwada shafi ɗaya da dukkansu ki karanta da ƙarfi. "Ni" tana kawo kusanci, amma tana jan mutum zuwa kare kai. "Ita" tana ba da tazara, tana da amfani ga abin da har yanzu yake da zafi ko kunya. "Ke" tana dacewa da magana da yarinyar da kika taɓa zama, sai dai tana gajiyar da mai karatu in ta wuce 'yan shafuka. "Mu" tana mayar da labarin na tsara guda. Ernaux ta rubuta *Les Années* na 2008 ba tare da "ni" ba, ta bi tarihin Faransa na fiye da shekara 60 ta hotunan wata "ita" da muryar "mu". In za ki sauya wakilin suna a tsakiyar littafi, ya zama akwai dalilin da mai karatu zai iya ganowa, kamar sauyin zamani ko tsananin abin da ake faɗa.

Yaya zan yi da mutanen da ke cikin labarina? Za a iya kai ni kotu?

Za a iya, kuma rubuta "ƙagagge" a bango ba ya karewa. A 2007 kotun tsarin mulki ta Jamus ta tabbatar da haramcin littafin *Esra* na Maxim Biller, don tsohuwar budurwarsa tana ganuwa a ciki duk da an sauya suna, kuma an shiga sirrinta. A 2013 wata kotu a Faransa ta umarci Christine Angot da kamfanin da ya buga mata su biya diyyar Yuro 40,000 ga wata mata da aka gane a littafinta. Abu biyu ake kai ƙara a kai: ɓata suna, wato faɗin ƙarya mai zubar da mutunci, da keta sirri, wanda a wasu ƙasashe ko gaskiya kika faɗa yana iya kama ki. Dokokin sun bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, don haka lauyan inda za a buga littafin shi ne abin tambaya.

Ma'aunin da kotuna suka fi dubawa shi ne ganuwa: shin waɗanda suka san mutumin za su gane shi? Sauya suna kaɗai ba ya isa. A sauya sana'a, gari, yawan 'ya'ya da jinsinsu, wata alama ta jiki, da lokacin da abin ya faru. Abin da ya fi tona mutum shi ne ƙaramin abu da ba kowa ke da shi ba, kamar lambar yabo, ciwo na musamman, ko wata kalma da shi kaɗai yake faɗa. Amma mahaifi, miji da 'ya'ya ba sa ɓoyuwa in ke kin fito da sunanki.

A nan maganar ta wuce doka. Ke kina da alƙalami, su ba su da shi, sai ɗan kaɗan. A Norway, bayan Vigdis Hjorth ta fitar da labarinta na rikicin gado da cin zarafi a cikin iyali a 2016, 'yar'uwarta ta mayar da martani da nata littafin a 2017. Yawancin mutane ba su da wannan dama. Shawararmu ita ce ki nuna wa waɗanda abin ya shafa sassan da suka fito a ciki kafin bugawa, ki ji ƙorafinsu, ki gyara kuskure, ba tare da kin ba su ikon hana littafin ba. Wannan bai haɗa da wanda ya cutar da ke ba, ba ki da wajibin neman yardarsa, sai dai ki tanadi shaida da lauya da kuma tsaron kanki. Yara kuwa ba za su iya ba da izini ba. Duk abin da za ki rubuta game da yaro, ki ƙaddara zai karanta shi yana da shekara 15, abokan ajinsa ma za su karanta.

Me ya fi lalata irin wannan rubutu?

Ramuwa. Ana gane ta da wuri: mai ba da labari ba ta taɓa yin kuskure, kowa a kusa da ita azzalumi ne ko wawa. Laifi tudu ne, kuma mai karatu yana hango wanda kika taka. Maganinsa shi ne ki ba abokin rikicin magana mafi ƙarfi da zai iya yi, ki kuma sa aƙalla fitowa ɗaya inda ke ce ba ki kyauta ba. Wannan ba ya nufin wanke mai laifi. Yana sa a yarda da ke ne in kin zo faɗin babban abin.

Na biyu shi ne cewa "ai haka aka yi". Faruwar abu ba ta isa dalilin sa shi a littafi ba, kuma ba ta sa a gaskata shi a shafi. In mai karatu ya ce wata fitowa ba ta shige shi ba, ba shaidar faruwarta yake nema ba, ginin da zai kai shi wurin ne babu. Sai kuma gaggawa. Ernaux ta jira fiye da shekara 35 kafin ta ba da cikakken labarin cikin da ta zubar a ɓoye tana ɗaliba, lokacin da dokar Faransa ta hana. Ba kowa ne zai jira haka ba, amma rubutun da aka yi ana tsakiyar abu yakan dace da gida na biyu na takardarki, wato shaida, fiye da ya zama littafin kansa. Akwai kuma yawan fassara wa mai karatu abin da ya riga ya gani, da cusa kalmomin nazari a bakin yarinya 'yar shekara tara.

Ina son ɗaukar hoton kaina a matsayin aikin fasaha. Me nake bukata?

Abin ɗora kyamara mai ƙafa uku, da na'urar latsawa daga nesa ko agogon kyamara na daƙiƙa 10. Kada ki riƙe waya a tsawon hannu. Gilashin waya mai faɗin gani ne, kusancin kuma yana kumbura hanci ya ƙanƙantar da kunnuwa. Ki ja baya mita ɗaya da rabi zuwa biyu, in kyamara ce ki sa gilashi mai milimita 50 zuwa 85. Matsalar da ta fi yawa ita ce hoto ya fito dishi-dishi, don kyamara ta saita ganinta a kan bango kafin ki shiga. Ajiye kujera ko tsintsiya a inda fuskarki za ta kasance, saita gani a kanta, kulle shi, manna alama a ƙasa, sannan ki cire abin ki tsaya a wurin. Buɗin gilashi na f/5.6 zuwa f/8 yana ba ki sarari ko kin ɗan gusa. Hasken taga daga gefe ya isa, da farin kwali a ɗaya gefen don ya rage duhun inuwa.

Tsayin kyamara magana ce. Daga sama tana ƙanƙantar da mutum, daga ƙasa tana ba shi kwarjini, daidai ido tana sa ku zama tsara da mai kallo. Haka ma inda idonki yake duba, da ko za a ga wayar latsawa a hannunki, wadda take sanar da cewa ke kika ɗauka. Carrie Mae Weems ta yi hotuna 20 a 1990 da tebur ɗaya, fitila ɗaya a rataye, kyamara a wuri ɗaya, mutane da kayan kan tebur kawai ke sauyawa, ta ba da labarin soyayya da uwa da kaɗaici.

Mai zane da madubi ta tuna cewa yana juya dama zuwa hagu, kuma madubi na biyu yana gyara wannan ya kuma ba ta ganin gefe. Kafin ki ɗora hoto a intanet, goge bayanan da ke maƙale da fayil ɗin, don sukan ƙunshi wurin da aka ɗauka.

Hoton da kowa ke ɗauka da waya yana ɗorawa, shi ma fasaha ne?

Yana iya zama, in akwai tambaya a bayansa da tsari a gabansa. A 2014 Amalia Ulman ta shafe watanni tana taka wata ƙagaggiyar rayuwa a Instagram, mabiyanta suka ɗauka gaske ne, sai daga baya ta bayyana shiri ne, don ta nuna cewa kamannin mace a wannan dandali aiki ne da ake ƙerawa. Tun kafin nan Cindy Sherman ta ɗauki kanta kusan sau 70 daga 1977 zuwa 1980 cikin shigar matan fina-finan da ba a taɓa yi ba, kuma ta sha faɗin cewa ba hotunan kanta ba ne. Abin da ya kamata a lura da shi shi ne, a dandalin sada zumunta akwai ido na uku, wato manhajar da take tura hoton da ya fi jan kallo. Mace tana iya riƙe kyamarar da hannunta amma ta tsaya daidai yadda idon wani yake so.

Ana cewa duk wannan son nuna kai ne. Akwai gaskiya a zargin?

Akwai rashin adalci a yadda ake raba shi. Karl Ove Knausgaard ya rubuta juzu'i shida a kan rayuwarsa daga 2009 zuwa 2011, ya sha suka daga danginsa, amma duniyar adabi ta karɓe shi a matsayin mai binciken halin ɗan'adam. Cusk ta rubuta ɗan littafi a kan mutuwar aurenta a 2012, masu sharhi da dama suka bar littafin suka koma kan halinta. Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi, amma in mace ce mai waƙar akan tambaye ta wa ya ba ta izini.

Sukar da ta fi cancanta a saurara daga cikin masu matantaka take fitowa. Kasuwa tana son ciwon mata, musamman na matasa da na waɗanda suka fito daga ƙasashe matalauta. Akan sayi labarin mafi munin ranar mace da kuɗi kaɗan, a sa masa kanu mai jan hankali, ya zauna a intanet yana bin sunanta duk inda ta nemi aiki. Akan kuma ƙi karɓar komai daga gare ta sai irin wannan. Kafin ki sa hannu a yarjejeniya, tambayi waye zai zaɓi kanu da hoton bango, ko za ki ga gyaran ƙarshe kafin a buga, shekara nawa haƙƙin bugawa zai zauna a hannunsu, da kuma wanda zai biya lauya in an kai ƙara.

Me zan rubuta a farkon littafin don mai karatu ya san inda ya dosa?

Layi biyu ko uku sun isa, amma su zama gaskiya. In kin sauya sunaye da alamomi kawai, faɗi haka. In kin haɗe mutane, kin matse lokaci, kin sake gina hirarraki daga abin da kika tuna, ambaci kowanne. In akwai fitowar da ba ta taɓa faruwa ba, kalmar "ƙagaggen labari" ta fito a bango. Guji jimlar nan da aka saba gani, cewa duk kamar da aka gani da wani mutum dace ne kawai, alhali tauraruwar tana ɗauke da sunanki. Kuma ki shirya amsa ɗaya tun kafin littafin ya fito, don a kowace hira za a tambaye ki ko abu kaza ya faru da gaske. Kina da damar cewa kin yi bayanin hanyar aikinki a shafin farko, ba za ki bi fitowa ɗaya-ɗaya kina tantancewa ba.